Malam Anya, Mai Zanen Bangon Faifai

Da safe idan ya buɗe shago, ba ya taɓa alƙalami sai ya kunna waƙar da aka kawo masa. Ya saurara ido a rufe, baki a taɓe, kamar mai jiran a yi masa ƙarya. Aikinsa zana bangon faifan waƙa, tun zamanin kaset har zuwa ɗan hoton nan da ke fitowa a waya. Mu maƙwabta Malam Anya muke ce masa, don ko yabonsa ka yi sai ya harare ka ya ce, "Anya kuwa?"

Ni tela ne, bango ɗaya ya raba mu, kuma na sha haushinsa. Yakan leƙo ya nuna min zane, kafin in gyara tabarau ya ɓoye. Washegari ya tare ni: "Me ka gani jiya?" In na ce abu ya yi kyau, sai ya ja tsaki ya yaga. In na ce, "Jar kujera, ba kowa a kai," sai ya ce to, wannan zai zauna a ran mutane. A wurinsa abu ɗaya bangon faifai ke ɗauka, launi biyu sun isa, kuma dole ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki.

Wata rana wani manaja ya kawo sabon faifan wani tsohon mawaƙi, haɗe da hotonsa na samartaka. Malam ya saurara, ya maimaita.

"Mutumin nan yakan ja numfashi kafin amshi," in ji shi. "Wannan ba ya ja."

"Malam, zane aka ce ka yi, ba bincike ba."

"Kai ni in gan shi."

Manaja ya shiga hanya-hanya, yau ya ce tsohon ya yi tafiya, gobe ya ce yana hutawa. Malam ya ja ni muka je gidan da kanmu. Muka tarar da tsohon a kujera, shanyewar ɓarin jiki ta riƙe masa harshe. Ƙanensa, wanda ya daɗe yana yi masa amshi, yana ba shi ruwa a cokali.

"Kai ka rera?" Malam ya tambayi ƙanen.

Ya sunkuyar da kai. "An ce in ba da sunan Yaya ba, ba mai saurara."

Raina ya ɓaci. Wato muryar bawan Allah za ta fita duniya, shi a binne shi da ransa. Tsohon ya ɗaga hannunsa mai motsi da ƙyar, ya ɗora a kafaɗar ƙanen, yana hawaye.

Abin da Malam ya zana ke nan: hannu a kan kafaɗa, ba fuska, sunan ƙanen a ƙasa. Manaja ya yi ta kumfar baki, wai zai kai wa wani.

"Kai masa," in ji Malam. "Ni dai na ji, tela ma ya gani."

Da wannan bangon faifan ya fita.

Yanzu idon Malam ya raunana, a watan nan ya miƙa wa 'yarsa shagon. Malam, kai ne mai kunnen da ba a yi wa wayo. Mun ce kana da zargi, ashe amanar mutane kake tsarewa. Mun gode, Allah Ya ƙara lafiya. Ku masu zanen yanzu, ku riƙa saurare kafin ku zana. Saboda mutum ɗaya ya saurara, yau idan mawaƙin nan ya hau dandamali da sunansa ake kiransa, ba ƙanen wane ba.