Injin da Na Tsaya Wa a Kara

Na fi shekara ashirin ina dillancin shanu a karar Maigatari. Boko dai ban yi ba. Amma in na buɗe bakin sa na ga haƙori, na mintsini fata, na sa aka zaga da shi, da wuya a cuce ni. Kuma a sana'armu, in dillali ya ce ya tsaya, duk abin da ya biyo baya a wuyansa yake.

Wata Alhamis wani mutum ya zo da akwatunan ƙarfe a bayan mota, wai injin haƙar kuɗin intanet ne da ake kira kirifto. Ka jona da janareta, ya yi ta aiki, kuɗi na taruwa a waya. Akwai wani dattijo manomi daga Sule Tankarkar da na daɗe ina yi masa ciniki. Ya ja ni gefe, ya ce bai san kan abin ba, in duba masa.

Na duba yadda na iya. Na ɗaga, da nauyi. Aka kunna, sai huci yake, iska mai ɗumi na fita ta baya. Na ɗora tafin hannu, na ji yana kaɗawa. Wallahi lafiyayyen sa nake gani a gabana. Na ce, "Baba, na tsaya." Ranar ya sayar da ɗaya daga shanun huɗarsa biyu, ni ne ma na yi cinikin, ya sayi injin da kuɗin.

Lambobi suna ta ƙaruwa a waya, amma ko sisi ba ya ciruwa. Wayar mai mota kuwa a kashe. Na ɗaure akwatin a babur na kai wa wani mai gyaran rediyo a Gumel. Ya kwance, sai ga fanka, da wayar rishon lantarki, da guntun ƙarfe da aka yi wa walda don nauyi.

"Alhaji, wannan sai dai ka busar da kuɓewa," in ji shi. Ya ƙara da cewa ko na gasken ne, a nan fetur ɗin da zai sha ya fi abin da zai haƙo.

Dattijon bai ga laifina ba. Ya ce ƙaddara ce, zai koma fartanya. Mutum ya haura saba'in, damina saura wata guda, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Na ce ban yarda ba.

Ina da bijimin da nake turkewa don Babbar Sallah. Mai ɗakina ta ce in jira in sayar, in ba dattijon kuɗin. Na ce ruwa ba zai jira Sallah ba. Na kora shi har gonar dattijon.

Bijimin turke bai san karkiya ba. Ranar farko ya kwanta, ya ƙi tashi. Rana ta biyu ya ja ni a ƙasa har gwiwata ta goce. Abokan sana'a suka samu abin yi, duk wanda ya gan ni sai ya tambayi lafiyar injin. Ban kula su ba. Kullum da sassafe ina can, muna ɗaura masa gungume yana ja, har ya saba da tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa.

Da ruwan shuka ya sauka, muka yi huɗa, ni a garma, dattijon a gaba da igiya. Kunyoyin sun karkace, wasu kamar maciji ya bi. Haka muka shuka geron a kansu, kuma ya fito.