Ranar da Baba Ya Karya Taurina

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a wannan shafi ba, kuma labarin da zan ba ku ya fi shirun nawa tsufa nesa ba kusa ba. Jikokina ma tabon da ke cikina kawai suka sani. Abin da ya sa na buɗe baki shi ne ta'aziyyar da na je kwanan baya, ta wani matashi da ya ɓoye ciwon ciki har ya zama ajalinsa.

A shekarun farko na samun 'yancin kai, ina koyon aikin jarida a Zariya. Na zo gida Gazara lokacin saran rake, sai ciwo ya fara mini a cibiya. Daga baya ya gangara ƙasan ciki, gefen dama, ya kafe. Ga amai, ga zazzaɓi.

Mahaifina shi ne shugaban 'yan taurin garinmu, masu shan maganin da ake cewa yana hana ƙarfe cin jiki. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, kuma tun ina ƙarami ya ba ni na sha. A irin gidanmu ba a nishi. Inna ce ta lura ina tafiya a duƙe.

Malamin ɗakin shan magani na Maƙarfi ya danna cikina a hankali, ya saki da sauri. Na yi ƙara. Ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Ku wuce Zariya yanzu."

A bayan motar mazarƙwaila muka tafi. Kowane rami a hanyar nan, a cikina na ji shi.

A asibiti aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka sa mini ma'aunin zafi a baki. Likitan Bature ne. Wani nas mutumin kudancin lardi, Malam Yohanna, shi ke fassara. Ya ce wani ɗan reshen hanjina ya kumbura, idan ya fashe a ciki da wuya in sha. Aiki za a yi, yau.

Baba ya ce, "Da me za a yi aikin?"

"Da wuƙa, Baba."

"Wuƙa ba ta cin sa."

Ba alfahari yake yi ba. Ya yi imani za a sa ni barci, wuƙa ta ƙi shiga, in mutu a hannunsu. Ni ma, duk da karance-karancena, tsoron nan ya kama ni.

Malam Yohanna bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba shi da makari?"

Baba ya ce, "Akwai. Amma wanda aka karya wa, ya fita ke nan. Ba ya komawa."

Ya ciro wani ƙulli daga aljihu, ya nemi ruwa a ƙoƙo, ya dama. Yana kaiwa bakina, Malam Yohanna ya riƙe masa hannu.

"Ko ɗigo ba zai sha ba, Baba. In ya yi amai cikin barci, zai shaƙe."

"In bai sha ba, bai karye ba."

Gadon tura majinyaci na bakin ƙofa. Likita na tsaye yana duba agogo. Sai na ji ciwon ya sake ni gaba ɗaya. Na ce, "Baba, ya ma lafa."

Fuskar Malam Yohanna ta canza. "Wannan lafawar ce ba ma so." Ya juya ga Baba. "A shafa masa a inda za a yanka."

"Ba haka na gada ba."

"Na sani. Amma kai ne mai maganin."

Baba ya dube ni. Ya tsoma hannu a ƙoƙon, ya yi bismillah, ya shafa mini a ciki. Hannun nan ne da na sha gani yana goga wuƙa a wuya. Ya ce, "Na buɗe. Ku tafi da shi."

Na farka da roba a gefen cikina. Ashe reshen hanjin ya riga ya fashe. Makonni na yi a kwance: wankin ciwo kowace safiya, allura har wurin zama ya gagare ni, zazzaɓi ya tafi ya dawo. Aka rufe fuskar wanda ke gadon kusa da ni ina kallo. Kuɗin mota da na abinci suka cinye ragon Baba. Ranar da aka ba ni ruwan koko, kuka na yi.

Da za a sallame ni, likitan ya dafa kafaɗata ya yabe ni da wata kalmar Turanci, "tough", wato mai tauri. Daga baya, a bakin aiki, na ga da ita suke kiran naman da ya ƙi taunuwa, da mutumin da ke jure wahala, da shawarar da ke da wuyar yankewa. Ni kwanciya kawai na yi. Wanda ya yanke shawarar yana tsaye a bayana, riƙe da tabarmata.

Bayan girbi aka yi wasan tauri a Gazara. Ina zaune cikin 'yan kallo, wani abokin Baba ya ɗaga murya: "Ga magajin namu can, Bature ya tsaga shi kamar kabewa."

Aka yi dariya. Baba ya ajiye wuƙarsa, ya tako har inda nake, ya ɗaga rigata, kowa ya ga ɗinkin.

Ya ce, "Ni na buɗe musu. Da na ƙi, kabari zan nuna muku."

Makaɗi ya ci gaba da kiɗa. Ba wanda ya ƙara tanka mini.

Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya saka wa Malam Yohanna da zuri'arsa.

Idan ciwo ya fara a cibiya ya koma gefen dama, ku tafi asibiti a ranar. Idan ya lafa farat ɗaya, kada ku juya gida. In an ce kada majinyaci ya ci ko ya sha, ko ruwan rubutu ne a jira. Ma'aikatan lafiya kuma, in dattijo ya zo muku da abin da ya yi imani da shi, kada ku yi masa dariya. Da Malam Yohanna ya yi, da Baba ya mai da ni gida.