Gidan Maƙeri a Littafin Ƙidaya

Goggo Tela ba ta da daɗin zama, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. Shekara talatin ta yi tana taka keken ɗinki a ɗakin ƙofar gidan mahaifinta. In ka yi ƙorafin wuyan riga, sai ta ce wuyanka ne ya karkace. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ba ɗa ba jika, ta kwaso kekenta ta dawo gida. Abin da ta mallaka a duniya bai wuce ɗakin nan ba, da tagarsa ɗaya da kwalin ƙyallaye a ƙarƙashin gado.

Sauran gidan yana hannun wanta, tsohon direban babbar mota da ciwon ido ya sauke daga tuƙi. Ubansu ɗaya, maƙeri. Bayan uwar direban ta rasu ne maƙerin ya auro uwar Goggo. Tun suna yara ba sa shan inuwa ɗaya. Da babban ɗan direban ya tashi buɗe shago, sai uban ya sa wa ɗakin ƙofa ido. Ya ce ta koma can ciki kusa da makewayi, ta ce sai dai a fitar da gawarta. Nan ya ɓullo da maganar da ba wanda ya taɓa ji, wai ita agola ce, a goye uwarta ta shigo da ita, ba ta da ko taku ɗaya a gidan. Ya san duk wanda zai ƙaryata shi yana ƙasa. Ya ce in tana da takarda ta kawo.

Maganar ta ci mata rai har ta kwana uku ba ta taɓa keke ba. Wani tsohon malamin makaranta da take yi wa ɗinki ne ya tuna mata an yi ƙidayar jama'a tana ƙarama, kuma littattafan suna nan a ofishin gunduma. Ta tasa wanta a gaba suka tafi tare, don kada gobe ya ce ta haɗa baki da wani.

Magatakardan ya karɓe su fuska a murtuke, don sai da ya hau kujera ya sauko da littafin daga saman kanta, ɓera ya ci gefensa. Kowane gida da layinsa: maza gefe, mata gefe, ga shekaru, ga dangantaka da maigida. Ya bi da yatsa har ya iso gidan maƙeri, ya karanta. Namiji ɗaya, shekara arba'in da biyar, maigida. Mace ɗaya, ashirin da takwas, matarsa. Mace ɗaya, shekara uku, 'yarsa.

Direban ya ce, "Sai kuma?"

"Shi ke nan. Babu ɗa namiji a gidan nan."

Magatakardan ya ƙara da cewa ba gidansu kaɗai ba ne. A shekarar, yara mazan gundumar ba su kai rabin matan ba a rubuce, saboda an yi ta raɗe-raɗin cewa duk yaron da aka rubuta za a ɗauke shi aikin hanya. Sai a lokacin direban ya tuna. Yana shekara tara, mahaifinsu ya tura shi bayan maƙera ya jibga masa buhunan gawayi har masu ƙidaya suka wuce. Ya faɗi haka. Magatakardan ya rufe littafi, ya ce shi abin da ke rubuce ya sani.

A bakin matakala direban ya tsaya, ya kasa kallonta.

"Kin dai san ni ɗan Baba ne."

"Shekarata uku lokacin, Yaya. Me na sani?"

Ɗaki ya zama nata, ba wanda ya sake tayar da zancen. Amma labarin littafin ya zaga gari, aka yi ta ƙus-ƙus a kan asalin direban, har aka fara yi wa jikokinsa gori a makaranta. Kalma ɗaya daga bakin Goggo ta isa ta kashe maganar. Ta ƙi. Tana jin haushinsa, tana kuma jin daɗin ganin yadda yake sunkuyar da kai in zai wuce ƙofarta. Shekara goma sha ɗaya suka yi a haka, ko gaisuwa babu.

Direban ya rasu wata rana da hantsi. Babban ɗan nan nasa ya shigo ɗakin da farin yadin likkafani, ido jawur, ya tambaye ta ko ya je ya auno tsayin mamacin. Goggo ta riga ta ɗauki almakashi.

"Bar shi," ta ce. "Awon Babanmu ne, ni na ɗinka nasa."