Baƙon da Ya Zauna a Layin Kawu Sirajo

Kawu Sirajo ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidan kakanmu na Sanyinna shi kaɗai ya yi boko har ya samu aikin gwamnati. Malamin dabbobi ne. A takarda bai kai likita ba, amma daga Tambuwal har Kebbe babu rugar da ake kiransa da wani suna in ba Likita ba. Gajere ne, mai saurin tafiya, ya shekara ashirin da biyu yana yawon daji a kan mashin da kular sanyaya allura ɗaure a baya. Na saba rubuta abubuwan gidanmu, haihuwa da rasuwa da wanda ya yi ƙaura. Wannan labarin na ji shi daga bakin Inna da bakin Kawu, wani ɓangaren kuma a gabana aka yi.

Mutum ne mai surutu da tsokana, har tsofaffin gida ba su tsira ba. Mutum ɗaya ne kawai ke kashe masa baki, shi ne surukinsa Alhaji Atu, tsohon dillalin shanu a kara, wato kasuwar dabbobin Tambuwal, mahaifin matarsa Batula. Shekara goma sha tara da auren, Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In ya hango shi a hanya sai ya sauka daga mashin ya tura. Abin yabo ne a wurinmu, har iyaye na nuna shi ga samari.

Aikinsu yana da wata wahala da ba kowa ya sani ba. Kwalba ɗaya ta allurar ciwon huhu ta shanu ɗari ce, kuma da an haɗa ta, cikin 'yan sa'o'i ta lalace. A da sai mutum ya buɗe kwalba don shanu talatin ya zubar da sauran, alhali abokin aikinsa yana can gaba da ƙauye biyu ba shi da ko ɗigo. Da aka kawo Dakta Nasiha ofishinsu na Tambuwal, sai ta haɗa malaman dabbobi goma sha bakwai na Tambuwal da Kebbe a guruf ɗaya a waya, ta kuma buɗe musu jadawali a intanet. Kowa da layinsa. Za ka rubuta ranar da za ka fita, da wurin, da mai shanun. Duk wanda ke da linkin zai iya buɗewa ya gani, kuma in mutum ya shiga, 'yar da'ira mai sunansa takan fito a sama.

Kawu ya so abin nan ƙwarai. Yakan zauna a dakali yana kallon haruffan Aminullahi, taubashinsa da ke aiki a Kebbe, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a wayarsa, sai ya aika masa murya a guruf yana cewa rubutunsa ya fi akwalar mashin ɗinsa gudu. Aminullahi ya rama da cewa gajere dai sai ya taka kujera kafin ya kai layin sama. Da jadawalin nan suka daina zubar da allura, wanda ya rasa kwalba kuma yakan san wanda zai tara a mararraba.

Bara, ƙarshen damina, tari ya shiga shanun wajen Fakku. Tun da satar shanu ta yi ƙamari babu makiyayin da ke yarda a tara garke wuri ɗaya. Kawu ya yi ta zarya har Ardo Ɗangiwa, wanda ya san shi tun yana sabon ma'aikaci, ya yarda ruga fuɗu su kawo shanunsu wata mashaya a cikin daji ranar Alhamis da hantsi. Ardo ya riƙe hannunsa ya ce ko matarsa kada ya gaya wa. Kawu bai gaya wa Batula ba. Amma ya rubuta a layinsa, rana da mashayar da sunan Ardo, don a wurinsa jadawali ba mutum ba ne, ofis ne.

Ranar Juma'a kafin wannan Alhamis ɗin ya je gaida surukinsa bayan masallaci, kamar yadda ya saba. Yana durƙushe, kai a ƙasa, sai Alhaji ya ciro wata 'yar takarda daga aljihu mai lambar waya.

"Wanga bawan Allah shanunai na tari," in ji Alhaji. "Ka aika mai abin nan naku na waya, shi san ranar da kuka zuwa wajensu."

"To, Baba."

Daga baya Inna ta tambaye shi me ya hana shi cewa wane ne mutumin. Ya ce tambayar ta zo masa har maƙogwaro, amma yaya zai ɗaga kai ya bincika maganar Baba kamar ya kama shi da ƙarya? Yana fita ƙofar gida ya tura linkin.

Ranar Talata da safe ya biyo gidanmu a Tambuwal ya karya, sai ga kiran Dakta Nasiha. Ta ce ya buɗe jadawali yanzu. Ya buɗe, ni da Inna muka leƙa. A sama, kusa da sunan Dakta, akwai wata da'ira marar suna, da hoton wata dabba a ciki. Haka abin yake nuna wanda ya shigo da linki bai bayyana kansa ba. Dakta ta ce kwana uku ke nan tana ganinsa, ta ɗauka wani daga cikinsu ne ya canza waya, amma ta bi su ɗaya ɗaya kowa ya ce ba shi ba ne.

Wani ɗan akwati mai launi yana nuna inda baƙon yake dubawa. A layin Kawu yake. Muna kallo ya matsa daga Alhamis zuwa sunan mashayar, daga nan zuwa sunan Ardo, ya tsaya. Kofin kokon da ke hannun Kawu ya karkace yana zuba a tabarma bai sani ba.

Nan take Dakta ta kulle jadawalin, da'irar ta ɓace. Amma ta ce abin da aka gani an riga an gani.

Kawu ya kira lambar. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, a kira na uku aka kashe wayar. Ya shiga guruf ya faɗa da bakinsa cewa shi ya fitar da linkin, bai ce don wa ba. Aminullahi ya fara da wasa, wai ko budurwa ya tura wa don ta ga yana da aiki, amma babu wanda ya yi dariya, shi ma bai ƙara ba. Sai wani ya aiko murya a hankali yana cewa in shanun nan suka tafi, makiyaya ba za su ce kuskure ba ne, infoma za su ce. Duk mun san abin da ke samun wanda aka kira da wannan suna a yankinmu. Ba a kai shi gaban alƙali.

Ko a wannan hali Kawu ya kasa zuwa ya tambayi surukinsa. Inna ce ta yafa mayafi ta tafi, ta fake da gaisuwa, ta yi ta kewaye har ta kawo zancen takardar. Da azahar ta dawo, tun daga zaure na ga fuskarta. Alhaji ya ce bai san sunan mutumin ba. A kara ya same shi ranar kasuwa, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ɗaukar masa buta, sannan ya tambaye shi ko shi ne surukin Likita. Inna ba ta gaya wa tsohon dalilin tambayarta ba, saboda yana da hawan jini.

"Sun san wanda ba ka iya yi ma gardama," Inna ta ce wa Kawu. "Shi sunka biɗa."

Babu sabis a rugagen nan, kuma masu nisa da yammacin Laraba za su fara koro shanu. Dakta ta haɗa su duka a kira ɗaya, suka raba aikin da baki, ba a rubuta komai ba. Aminullahi ya ɗauki ruga biyu da ke kusa da Kebbe, wani ya ɗauki ta uku. Shawarar Dakta ita ce a ce musu allura ba ta iso ba, an ɗaga. Kawu ya ce rugar Ardo tasa ce, kuma ba zai yi wannan ƙaryar ba, domin in mutanen suka zo mashaya ba su tarar da komai ba za su bi sawu, ruga kuwa ba ta da nisa. Dole Ardo ya san gaskiya ya tashi. Inna ta roƙe shi ya aika wani. Ya ce wa zai aika ya je ya ɗauki laifinsa?

Da safiyar Laraba ya tafi, ba kular allura, ba jaka. Ya ce gero ya rufe hanya hagu da dama, ba ka ganin taku goma, duk ƙarar mashin da ya ji sai ya ɗauka ƙarshensa ne ya zo. Ya iske Ardo a ƙarƙashin wata kirya da mazan ruga. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba ya faɗi abin da ya faru. Sai da ya maimaita, saboda Ardo bai gane yadda rubutun da ke cikin wayar mutum zai kai idon wani a wani gari ba. Da ya gane, sai ya dube shi ya ce:

"Likita, na ce ko matarka."

"Ka ce, Ardo."

"Wa yas sa ka?"

Kawu ya ce a nan ne ya yi lissafi. In ya ambaci surukinsa, dillalin shanu da kowa ya sani a kara, sunan infoma ya koma kan tsoho ɗan shekara saba'in da 'yan kai. Mazan sun matso, kowa da sandarsa a kafaɗa.

"Ba kowa," ya ce. "Ni nay yi, da hannuna."

Babban ɗan Ardo ya je ya zare makullin mashin ya sa a aljihu. Ardo ya ce za su tashi yanzu, kuma Likita zai bi su da ƙafa, ya zauna tare da su har a ga abin da Alhamis za ta kawo.

Mu a gida ba mu san wannan ba. Laraba ta wuce bai dawo ba. Batula ta zo gidanmu da yara, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ƙi shiga. Wayar Inna ba ta huta ba, mutanen guruf suna kira ɗaya bayan ɗaya. Aminullahi ya ce nasa rugagen sun ji, sun janye, amma da ya biya ta rugar Ardo bai tarar da kowa ba sai turaku da mashin ɗin Kawu jingine da kirya. Ya faɗa babu ko alamar wasa, mutumin da ban taɓa jin ya yi magana ba tsokana ba. Ranar Alhamis Inna ta ɗora tukunya ta manta ba ta zuba komai ba, sai da na ji ƙaurin ƙarfe.

A can kuwa Ardo ya bar mutum biyu a kan bishiya nesa da mashayar. Da hantsi suka ga mashina tara sun fito daga daji, kowanne da goyo. Suka kewaya ruwan, suka tsaya, wasu suka nufi tsohuwar rugar, sannan suka juya. Shanun suna can gaba, an tsallaka da su gulbi tun jiya.

Da labarin ya iso, Kawu ya ce bai san ko ya tsira ba ne ko an tabbatar da laifinsa. Kowa ya juyo yana kallonsa. Ardo ya karɓi makullin daga hannun ɗansa ya ajiye a ƙasa a gabansa, ya ce a raka shi inda mashin ɗinsa yake.

Bayan la'asar ya shigo gidanmu, ƙafafunsa duk ƙaya. Batula ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ya zauna ya ce a ba shi ruwa, ya sha kofi uku, ya kira Dakta ya ce shanu suna nan. Tun daga ranar ba a sake rubuta wuri ko sunan mai shanu a jadawalin ba, kuma ba ya buɗuwa sai ga su goma sha bakwai.

Amma bai san matsayinsa ba. Kwana biyu bai fita ko masallacin unguwa ba sai tare da mutane. Ranar Asabar da hantsi wata mai tallar nono ta yi sallama a gidansa, ina can na kai wa Batula saƙo. Ta sauke ƙwaryarta, ta ce Ardo ya aiko ta. Ya ce a gaya wa Likita babu wanda zai taɓa shi, ya hana, kuma ya sa an sanar da sauran rugage. Amma kada ya sake zuwa inda shanunsu suke, shi da su sai dai gaisuwa a kasuwa.

Kawu ya yi godiya, ya sake yin godiya. Sannan ya tambaye ta wata jar karsana da ya gani tana ɗingishi lokacin da suke tsallaka gulbi, ko ƙafar ta kumbura. Matar ta ce ba a aiko ta da wannan ba. Ya shiga ɗaki ya fito da magani a leda, ya ce ta kai, ba sai ta ce daga wa ba. Ta dubi ledar, ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a kai, ta yi mana sallama. Ledar tana nan a kan dakali inda ya ajiye ta.