Huda ta Uku a Agogon Inna

A ƙarƙashin matakalar wani dogon bene mai shaguna, tsakanin mai sayar da cajar waya da mai yankan makulli, akwai wani ɗan lungu da ko akuya biyu ba zai ɗauka ba. Nan Mai Agogo ya ƙare ƙuruciyarsa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Wanda ya ga kaurin yatsunsa zai rantse ko allura ba za su riƙe ba, amma agogon da ya gagari kowa a layin, wurinsa yake ƙarewa.

Haƙurin mutumin nan a kan agogo ya wuce misali. Zai yini a kan guda ɗaya, ko tsaki ba za ka ji ba. Amma a ajiye masa kwano, sai ka ce an yi shelar gobara. Bai san wata aba tauna ba, loma ta shiga ta wuce, 'yar'uwarta na biye da ita. Maƙwabta suka laƙaba masa Sarkin Loma, shi kuma ya amsa, don ya san ba sharri suka yi masa ba.

A gida kuwa sunansa Auta, duk da furfurar da ta cika masa gemu. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune tare da shi da matarsa Malama, mai koyarwa a firamare. 'Ya'ya sun girma sun watse, gidan ya rage su uku da teburin cin abinci mai ƙafa ɗaya gajera.

Abin dariyar shi ne, wannan ƙaton an haife shi ɗan firit, ya ƙi nono, ya ƙi komai. Inna ta riga ta binne biyu kafin shi, ta ce wannan kam ba za ta bayar ba. Sai ta riƙa ɗora shi a cinya tana cewa, "Ɗaya taka, ɗaya tawa," kuma ba ta kai loma bakinta sai ya haɗiye tasa. Yaro ya girma, wasan ya wuce, amma ɗabi'ar ta zauna mata: ba ta sa hannu a abinci sai ta ga Auta ya fara. Ba wanda ya taɓa lura, domin tun da ya yi wayo ba a taɓa jiran Auta ya fara ba.

Jiki dai ya yi ta ƙaruwa har lungun shagon sai a kaikaice yake shigarsa. Gwiwoyi suka fara kuka, ciwon suga ya shigo, numfashi ya zama aiki. An gwada tsarin abinci, an gwada tattaki, duk a banza. Daga ƙarshe likitoci suka yi masa aikin rage tumbi, suka bar masa ɗan abin da bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Aiki ya yi kyau, aka gode Allah.

Da farko ruwa-ruwa kawai aka yarje masa. Aka haɗa shi da wani garin gina jiki na gwangwani, wanda ake zubawa a gora mai murfi da madara, a girgiza a sha. Ma'aikaciyar asibitin da ke koya wa irinsu cin abinci ta gaya masa gaskiya tun ranar.

"Baba, wannan sandar mai karaya ce. In ƙafa ta warke, jingine ta ake yi. Sannu a hankali za ka koma abinci mai laushi, daga nan mai tauri. Kaɗan-kaɗan, kuma ka tauna har ka gaji."

Ya ce to. Ranar da aka ba shi izinin taɓa abinci mai ɗan ƙarfi, Malama ta dafa kaza har ta yi luguf. Hannu kuwa ba ya manta hanyar baki. Kafin ta juyo daga ɗauko cokali, Sarkin Loma ya jefa tsoka guda ya haɗiye irin na da. Naman ya tsaya masa a ƙirji kamar dutse. Ya yi gumi, ya yi kakari, ya durƙusa a banɗaki yana kiran sunan Allah, Inna na tsaye a bakin ƙofa tana salati. Bayan ya amayar ya samu kansa, amma tsoron bai fita tare da naman ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Daga ranar ya rungumi gorarsa. Kuma a gaskiya ta dace da halinsa: ba tauna, ba zama, ba wanke hannu, girgiza uku ya kafa kai ya koma kan agogo. Nauyi ya yi ta zubewa. Da ɗan ƙarfen da yake huda maɗaurin agogo yake ƙara wa bel ɗinsa huda, yana nuna wa mai yankan makulli, ana tafa masa. Duk zuwansa asibiti ma'aikaciyar nan sai ta yi masa faɗa, ta ce ruwa wucewa yake ba ya riƙe ciki, kuma tumbin da ba a koya wa aiki ba ba zai koya da kansa ba. Ya ce to, ya biya kanti ya sayi sabon gwangwani.

Teburin gida ma ya daina zama. Ƙamshin yana jan sa, tsoro yana tura shi, sai ya ga gara ya sha abinsa a tsaye a bakin kicin ya fita baranda.

"Auta," in ji Inna wata rana, "yaushe za a sallame ka daga ciwon nan?"

"Ai na warke, Inna. Dubi yadda nake hawa bene."

"Mai lafiya ba ya shan ruwan alli."

Ya yi dariya ya wuce. Malama ta sha gaya masa cewa kwanon Inna yadda aka kai shi haka yake dawowa. Ya ce tsufa ne, tsoho ai ba ya ci da yawa, a saya mata maganin ƙarin jini. Mutum in yana murnar kansa, kunnensa toshewa yake.

Wata Asabar da hantsi Malama ta biyo ta shagon daga cefane, ta ajiye masa agogon Inna a kan tebur. Tsohon agogo ne mai maɗaurin fata, shi ne na farko da ya tayar da hannunsa lokacin yana koyon sana'a, ya ba ta. Idonta ya daina ganin lambobin tuntuni, amma ba ta cire shi sai za ta yi alwala.

"Ta ce yana zamewa, ka ƙara masa huda."

Ya ɗauko ƙarfen hudar, ya maƙala gilashi a ido, ya miƙe maɗaurin. Ga tsohuwar hudar nan, ta yi baƙi ta buɗe saboda shekaru. Kusa da ita ga wata sabuwa fil, shi ya yi ta da hannunsa kwanakin baya yana hira, ko tambaya bai yi ba. Yanzu ana neman ta uku, fatar ma ta kusa ƙarewa. Ya lanƙwasa maɗaurin daidai inda hudar za ta faɗa, ya ga da'irar da ta rage yatsunsa biyu sun cika ta.

"Kai aka yi wa aiki," in ji Malama a hankali, "ita take ramewa. Zama take ta sa hannu a cinya tana kallon kujerarka, har abincin ya huce in ɗauke."

Kunya ce ta rufe shi, da tsoro wanda ya fi na naman nan. Ya mayar da ƙarfen cikin aljihun tebur, ya sa agogon a aljihun rigarsa, ya ja ƙofar shago tun rana na tsaka.

Da la'asar sakaliya ya ja kujerarsa ya zauna a teburin. Ya roƙi Malama ɗan farantin da ake ɗora kofi, da cokalin shayi. Ta sa masa dafaffen kifi mai laushi da ɓarin ƙwai. Inna ta dube shi, ta dubi farantin, hannunta na cinya.

"Bismillah, Inna."

"Fara."

Ya ɗebo kifin. Ya tauna, ya tauna, har ya rasa abin da yake taunawa, sannan ya haɗiye yana jiran dutsen. Dutse bai zo ba. Da ya ɗaga kai, sai ya ga Inna ta kai cokali baki.

Malama ta cinye nata, ta kwashe, ta yi wanke-wanke, su biyun suna nan. Inna da 'yan haƙoranta da suka rage, shi da ɗan kofin tumbinsa, tafiyarsu ta zo ɗaya. A nan ya gane cewa duk shekarun nan yakan share kwano ya miƙe ya bar ta ita kaɗai tana fama, bai taɓa ganin ƙarshen cin abincinta ba.

Bai yi nisa ba ya ji ya cika. Ya ajiye cokali. Nan take Inna ta ajiye nata, ko rabin kwano ba ta ci ba.

Mai Agogo ya dubi kwanon nata, ya dubi ɗan abin da ya rage a farantinsa. Sai ya sake ɗaukar cokalin, ya tsinci wani ɗan ɓurɓushin kifi da bakin cokalin, irin tsintar da ya ƙware a kai, ya sa a harshe ya shiga tauna da gaske.

"Wannan loma ce ko ƙusar agogo?" in ji Inna.

"Ke dai tawa ta wuce. Saura taki."

Ta harare shi, ta ciko cokali. Haka ya yi ta tsintar ɓurɓushi tana bin sa da cikakkiyar loma, har ƙasan kwanonta ya bayyana.

Gorar ba a yar da ita ba, tana shago, yakan sha da safe in aiki ya yi yawa. Amma mai yankan makulli ya shaida cewa yanzu Sarkin Loma yakan fi kowa daɗewa a kan ƙwai ɗaya, kuma ba ya bari la'asar ta same shi a lungun.

A waccan ranar ta farko, da Inna ta wanke hannu, ta miƙo masa tsintsiyar hannunta. Ya ɗaura mata agogon a huda ta biyu, ya zame har gwiwar hannu.

"Ba ka huda ba, Auta."

"Ba zan huda ba, Inna. Ke za ki cika shi."