Muryar Babana a Bakin Hajiya Kande

Jiya a wajen ƙaddamar da littafinta, Hajiya Kande, tsohuwar 'yar wasan barkwanci, tana kwaikwayon mutanen Obiagu ta Inugu, unguwar da ta tashi. Sai ta yi gyaran murya sau biyu, ta ja: "Goooro! Na yau ne, ba na jiya ba!"

Kowa ya fashe da dariya. Ban da ni. Muryar babana ce.

Lokacin rikicin da ya kai ga yaƙin basasa, shi ne ya saka mu a jirgin ƙasa daga Inugu zuwa Arewa, ya ce zai biyo na baya. Ba mu sake ganinsa ba. Har Inna ta rasu tana cewa yana raye a wani gari.

Bayan taro na same ta.

"Hajiya, mai goron nan mahaifina ne. Ko kin san inda ya shiga?"

Sai ta ce:

"Malam, ban taɓa kwaikwayon mai rai ba. Duk muryar da ka ji, na ga gawar mai ita da idona."

Yau na yi masa addu'ar mamaci, karo na farko.

Da ku ne, za ku koma ku tambaye ta sauran labarin?