Kututturen da Ya Tare Motar Ruwa

Duk shekarun da na yi ina hedman na leburori, akwai wata Alhamis da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin rikici ya yi zafi a Maiduguri, dokar hana fita tana somawa tun kafin magariba. Da hantsi Injiniya, wato ogan sashenmu, ya kira ni ofis ya ce in kwashi mutum uku mu tafi wata makaranta a wajen Dala, inda aka sauke mutanen da suka gudo daga ƙauyuka. Wani kututturen darbejiya ne ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar ƙofa, motar ruwa ta kasa shiga. Na nemi ya ba mu katafila, ya kalle ni kamar na roƙe shi jirgin sama.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, bari in gaya muku yadda ake yi. Da a lokacin zaman lafiya ne, wuta za mu sa masa ya yi kwana uku yana ci. To nan tantunan leda ne jere har bakin katanga, wa zai kunna wuta? Sai dai hannu. A haƙe gindin a zagaye da diga, a sare saiwoyin gefe da gatari, sannan a ɗaura cenbulok a jikin wata bishiya mai ƙarfi. Cenbulok ƙarfe ne mai sarƙa biyu, kana jan ƙaramar da hannu, babbar tana janyo kaya kaɗan-kaɗan. Kuma a waɗannan shekarun akwai ƙarin ƙa'ida: kafin ka ja, sai ka je shingen sojoji ka sanar, ka kuma gaya wa jama'a, don ƙarar tsinkewar saiwa kaɗai ta isa ta sa unguwa ta watse da gudu.

Mun tarar da motar a waje. Direban, wani Bakano mai suna Ɗanladi, sai duba agogo yake yi. Ya ce tiyonsa ba zai kai rumbun ruwan da ke can ciki ba, kuma da zarar an yi la'asar zai juya ya sauke a wani sansanin, zagayensa ba zai sake biyowa nan ba sai bayan kwana uku. Na ce ya ba mu ko duro ɗaya, ya ce bakin tankin a ɗaure yake da hatimi, mai kula da rabo ne kaɗai ke cire shi a gaban rumbu. Haushi ya kama ni, amma na san gaskiyarsa.

Muka faɗa haƙa. Ƙasar wurin laka ce, rani ya gasa ta, diga sai tsalle take tana dawowa. Azahar ta yi mun sare saiwoyin gefe, muka ɗaura sarƙa muka ja, muka ja, kututture ko gezau. Uwar saiwar ce ta nutse tsaye cikin busasshiyar laka, gatari kuma ba ya kai mata. Na kasa tsayuwa wuri ɗaya, in shiga rami in fito, in leƙa Ɗanladi, in dawo in yi wa mutanena tsawa ba gaira ba dalili. Na san maganin sarai. Ruwa ake kwararawa a ramin ya jiƙa lakar. Amma da wane baki zan nemi ruwa a wurin mutanen da ke auna shi da kofi?

Wata dattijuwa, Ya Fanna, wadda matan wurin ke jin maganarta, ta daɗe tana kallonmu daga inuwa. Manomiyar shinkafa ce daga wajen Zabarmari, ta san laka. Ta matso ta ce da Hausarta ta Barebari, “Ɗana, ruwa kake so, kunya ta hana ka faɗa. Jarka nawa?”

Na ce shida, kaina a ƙasa.

“In mun zuba, zai fita?”

Wallahi na so in ce mata tabbas. Na ce, “Ya Fanna, ina kyautata zato, amma ban sani ba.”

Ta juya ta yi wa matan magana da Barbarci. Aka ɗan yi gardama, wata mai goyo ta rungume jarkarta ta koma tanti, ban kuwa ga laifinta ba. Sauran suka riƙa kawowa, wannan rabi, wannan ɗan saura a buta. Ya Fanna ce ta fara juye nata da hannunta. Ina kallon ƙasa tana shanye shi.

Jiran da muka yi kafin ya ratsa, ban taɓa yin jira mai tsawonsa ba. Aka kira la'asar, na ji Ɗanladi ya tada mota. Na aika aka sanar da sojoji da jama'a, muka kama sarƙa mu huɗu. Ta yi tauri har tana kuka, sai kututturen ya ɗan sunkuya. Na dira cikin ramin, na sami saiwar ta bayyana, na ba ta gatari uku. Ta tsinke da ƙara, duk da an gaya musu sai da wasu suka kwanta a ƙasa. Muka mirgine kututturen gefe, muka cike ramin da ɓaraguzai, motar ta shiga tana tangaɗi.

Na je in yi wa Ya Fanna godiya, ta ce ba komai. Ta ce da na ce mata tabbas zai fita, ko kofi ɗaya ba za ta bari a zuba ba, don masu cewa tabbas ne suka ce musu su kwana a ƙauyensu babu abin da zai faru.

Shi ya sa nake matsa muku. In za ku nemi abu a hannun wanda ba shi da wani, ku gaya masa iyakar abin da kuka sani, ku bar shi ya yanke da kansa.